ƁERAYEN MERAM A GIDAN MAI HATSI

Shafi na 19

Assalamu alaikum, jikokina. Na ga saƙonninku, har da mai cewa saboda ni miyarta ta kama. Allah ya huci zuciyar maigidanki. Ku matso.

Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke. Meram 'yar Gashuwa ce, matar Alhaji Dauda mai sayar da hatsi a kasuwar Nguru, tun zamanin da in kana da saƙo sai dai ka ba direba, don wayar aljihu ba ta iso ba. Yayanta Madu gardi ne, mai wasa da maciji. Motar kifi ta kife da shi da damina, ya karye a cinya, aka kwantar da shi gidan mai ɗori a Gashuwa. Shi ne ya aiko wa Meram mesarsa a cikin duro, da saƙo guda: amana ce, kada ta mutu. Alhaji yana Kano a lokacin. Ya dawo, Meram ta kasa faɗa masa, har aka yi girbi. Yau kuma yayar Alhaji, Suwaibatu, ta zo aron randa, ta kutsa lungun bayan kicin, ta ɗaga murfi, ta ga ɓerayen da Meram ke kiwo don mesar, ta aika a kira Alhaji.

*

Alhaji Dauda bai yi sallama ba.

Mutumin da ko ɗakinsa zai shiga sai ya yi sallama, yau haka ya faɗo gida, hula a karkace, ƙurar gero a kafaɗar riga.

Yaya Suwaibatu ta tare shi tun daga bakin zaure.

"Zo ka gani da idonka! Kai kana can kasuwa kana yaƙi da ɓera, matarka tana nan tana yi musu wankan jego!"

"Yaya, zauna ki sha ruwa," in ji Meram.

"Ruwa? A gidan nan? Ai na ga abin da kuke zubawa a randa!"

Meram tana tsaye a bakin lungun, ta ba ƙofar zana baya. Zuciyarta na dukan ƙirji kamar ana sussuka, amma ko gefen mayafinta bai motsa ba. Allah ya yi wa yarinyar nan natsuwa, ni dai ban taɓa ganin irinta ba.

Alhaji ya dube ta.

"Meram."

"Na'am, Alhaji."

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. Kuma Yaya ba ta ga duka ba."



"Me ya rage?"

Tun damina Meram take jujjuya maganar nan a ranta, ta shirya mata gabatarwa kala-kala, yau ga shi duk sun gudu sun bar ta.

"Akwai mesa."

Kafin ta rufe baki Yaya Suwaibatu ta haye turmi. Mace mai jiki, mai ciwon gwiwa, wadda sai an kama ta take hawa mota. Wallahi har yau ba wanda ya san yadda aka yi ta hau.

"Innalillahi! Dauda! Na shiga lungun nan da ƙafata! Dauda, duba min ƙafata!"

Alhaji bai duba ba. Shi kansa ya ja da baya har ya jingina da bango. Ku sani, mutumin nan ko sunan maciji ba ya kamawa da bakinsa, sai dai ya ce igiyar ƙasa. Takalmin fatar mesa aka taɓa kawo masa tsaraba, ya ba maƙwabci tun yana cikin takarda.

"Igiyar ƙasa," ya ce a hankali. "A gidana."

"Ta Ya Madu ce, Alhaji. Uwar Ɗaki."

"Har suna ne da ita!" in ji Suwaibatu daga kan turmi.

"Shi ya sa mata. Ya ce ita ke ciyar da gidansa. Tun tana kamar muciya ya tsince ta a bakin kogi, ambaliya ta koro ta. A cikin rigarsa ta girma. Da aka kwantar da shi, masu gidan hayar suka ce ko a ɗauke ta ko su sare ta. Wa yake da shi in ba ni ba?"

"Ni kuma fa?" Muryar Alhaji ta tashi. "Ni wane ne a gidan nan? Ɗan haya? Kin san abin da ɓera ya yi min bara? Buhunan wake na buɗe na tarar rabi kashi ne. Duk kasuwar Nguru an san ni, ko a masallaci na ga ɓera sai na katse zikiri. Yanzu a ji cewa a gidan Dauda ake kiwonsu? Da hatsin wa ma kike ciyar da su?"

"Da dusar da nake fitarwa in na yi surfe. Ban taɓa buhunka ba."

"Amma kin taɓa mutuncina."

Wannan ta shige ta. Ta sunkuyar da kai.

"Na yi laifi da na ɓoye. Wannan ba ni da bakin karewa. Kullum sai in ce yau zan faɗa, in ka dawo na ga gajiya a fuskarka sai in ce gobe."

"To ki ji. Kafin rana ta faɗi, babu ɓera, babu igiyar ƙasa a gidan nan. In kuma ba za ki iya rabuwa da su ba, tashar Gashuwa ba ta tashi ba, ki bi su."

"Haka ne!" in ji Suwaibatu. "Amma a fara sauke ni."

Meram ta ɗago. Idonta ya kawo ruwa, amma bai zubo ba.

"Gidanka ne, Alhaji, hukuncinka ne. Abu ɗaya nake roƙo. Kai da bakinka ka ce ba ka taɓa yi wa buhu kuɗi ba sai ka soka masa hannu ka ga ƙwaya. Shigo ka gani. In ka gani ka ce a fitar, ni da kaina zan nemo mai amalanke."

Alhaji ya dubi ƙofar zanar. Ya dubi yayarsa a kan turmi. Namiji kuma ba ya son a ga tsoronsa a gaban mata biyu.

"Tana a rufe?"

"A rufe, da dutse a kai."

"Wuce gaba."

*

Lungun nan a da turken awaki ne. Alhaji ya shiga yana toshe hanci da bakin riga, yana jiran wari ya buge shi.

Bai ji komai ba sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

An share wurin tas, an yayyafa ruwa. Ga randuna a jere a inuwar katanga, kowace an ɗora ta a kan bulo, an naɗe ta da tsohon buhu jiƙaƙƙe. Bakin kowace da ragar waya, da dutse a kai. Can ƙurya kuma ga duro a ƙarƙashin 'yar rumfa.

Alhaji ya tsaya nesa da duron iya nisan da lungun ya yarda.

"Buhunan nan fa?"

"Zafi. Ɓera ba ya jure ranar Nguru. In na jiƙa buhun sai randar ta yi sanyi kamar ta ruwan sha."

"Ba sa hawowa?"

"Wuyan randa a lanƙwashe yake, in sun hau sai su zame. Ragar don ɓerayen waje ce, kada su shigo su haɗu da nawa."

"Naki," in ji Alhaji. "Ji wai nata."

Ta ɗaga dutsen randar farko. Ya leƙa, ba don yana so ba.

Buntun shinkafa ne shimfiɗe a ƙasa, fari tas. A tsakiya ga uwa ta kwanta, 'ya'ya jajaye kamar ɗanyar gyaɗa sun jeru suna tsotso. A gefe ɗan kasko da gero da gutsuren ƙuli-ƙuli, da ɓawon kankana.

"Wannan mai jego ce," in ji Meram, muryarta ta sauka. "Ba a haɗa ta da namiji, in ta tsorata cinye 'ya'yan take yi. Ita gero nake ba ta da ƙuli, wani lokaci kan bandar kifi in na samu, don nono. Ruwa kuma ba na sa musu a kasko, zubarwa suke yi buntun ya jiƙe su kamu da mura. Ɓawon kankana ya ishe su."

"Ɓera na mura?"

"Har atishawa."

Alhaji ya kusa yin dariya, ya kama kansa.

"Buntun daga ina?"

"Wakili direban motar kifi ke kawo min daga injin shinkafa na Gashuwa. In ya yi datti in kwashe in zuba wa lallen can. Ba ka ga yadda ya yi kore ba?"

Ya gani. Har yabawa ya yi kwanaki, ya ce hannunta na da albarka.

Daga tsakar gida muryar Suwaibatu ta taso: "Dauda! Kana da rai?"

"Ina da rai, Yaya."

"To me kake yi? Gaisuwar jego?"

Alhaji ya tsuguna, ya shafa gindin randar da hannu irin na mutumin da ya san ajiya. Babu danshi, babu tururuwa, don ta zagaye bulon da toka. Shi da ke biyan ma'aikata su kula masa da sito bai taɓa ganin tsari irin wannan ba. Meram ta ga fuskarsa ta ɗan saki, ta ce a ranta, Allah ka dafa.

"Abu ɗaya ne ban gane ba," ya ce. "Duk wannan wahala don me? Ga ɓeraye can a sitona kamar na tara su. Da kin ce a kamo miki, ai taimakona ma kika yi."

"Su ne ba na so, Alhaji."

"Don me?"

"Uwar Ɗaki tana da miji a da. Ya Madu ya je wasa Machina, abinci ya ƙare, wani mai sito ya ba shi ɓera ƙato, da kyakkyawar niyya. Ashe ɓeran ya ci shinkafar ɓera bai kai ga mutuwa ba. Mijin ya haɗiye. Washegari Ya Madu ya buɗe kwando ya tarar da shi a miƙe kamar tabarya. Na ga yayana yana kuka kamar an ce masa Inna ta rasu. Tun daga ranar ya ce ba za ta ƙara cin ɓeran da bai san abin da ya ci ba. Iyayen waɗannan daga fadama aka kamo su, nesa da kowane sito. Duk abin da ya shiga cikinsu ta hannuna ya bi."

Alhaji ya juya ya saci kallon duron.

"Ita... ba ta fitowa?"

"Yau ko ka buɗe ba za ta fito ba. Ta daɗe ba ta ci ba saboda saɓa, har na fara damuwa. Yau da hantsi ta karɓa." Fuskar Meram ta washe, kamar uwar da ɗanta ya warke. "In ta ci, ba a taɓa ta, ba a ɗaga ta, ko duron ba a girgizawa. Ya Madu ya ja min kunne a kan wannan. In aka jijjiga ta da abu a ciki, amayar da shi take yi. Shi ya sa ma, Alhaji, in fitar da ita za a yi, ina roƙon a bari ta narkar. Amalanke zai sa ta amai."

Alhaji ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. Ya daɗe yana kallon matarsa.

"Ke, Meram, da namiji ce da na ba ki makullin sito."

"Ko a mace ma ina karɓa."

"Kada ki ga na yi sanyi. Ban ce na yarda ba."

"Ban ce ka yarda ba."

"Waccan babbar randar fa, ta su wa ce?"

"Ta maza ce, waɗanda suka isa. Daga ciki nake ɗaukar mata. Su ba ruwansu da gero, dusa kawai nake ba su, daga ƙwaryar da ke bayan kicin."

Jikokina, kun taɓa ganin baƙin mutum ya yi fari? Yau Alhaji Dauda ya yi.

"Wace ƙwarya?"

"Babbar nan mai ɗinki a baki. Wadda nake ajiyewa a kan tsohon murhu."

"Ba... ba ragowar dusar ragon layya ba ce?"

"A'a. Alhaji, lafiya?"

Ya dafa katanga.

"Yau da na dawo daga masallacin asuba na ji tsuwar ɓera ta wajen nan. Na zagayo, na ga ƙwarya da dusa. Na ce to, ga abin da ke kiran su. Gida ba kaza, ba akuya, ba ƙaramin yaro. Akwai ƙullin magani a aljihuna, wanda na saya don sito..."

"Alhaji."

"Na zuba. Na juya sosai don kada su gane. Na yi niyyar faɗa miki, sai aka aiko motar dawa ta iso daga Jajimaji, na fita da gaggawa."

Meram ba ta yi ihu ba. Ta taka zuwa babbar randar, ta ture dutsen, ta ɗage ragar.

A da, in ta ɗage ragar nan, sai ka ji kamar ana zuba tsakuwa a faranti, kowa na tsalle yana neman hannunta.

Yau shiru.

Suna kwance a kan buntu, wasu a gefe, wasu ƙafa sama. Ɗaya ne kawai ke jan jiki, yana buɗe baki yana rufewa. Kaskon dusa an lashe shi tas.

"Wanda kika ba ta," in ji Alhaji, "kafin su ci ne ko bayan sun ci?"

"Bayan sun ci." Ta faɗa kamar daga nesa. "Na zaɓi wanda ya fi ƙoshi. Na ce ta daɗe da yunwa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Meram, wallahi ban sani ba. Wallahi..."

"Na sani, Alhaji. Da na faɗa maka tun farko da ba ka zuba ba."

Ta rufe ido. Fuskar Madu ce ta zo mata, yana kwance da karare a cinya, yana tambayar duk direban da ya leƙo shi: ka ga Meram? Ta ce Uwar Ɗaki na ci?

Sai ta buɗe ido ta dubi inuwar katanga. Azahar ba ta daɗe da wucewa ba.

Ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu da shi.

"Cikin mesa ba ya sauri," ta ce. "Ɓeran yana nan bai fashe ba, maganin yana cikin cikinsa. In ta amayar da shi yanzu, wataƙila."

"To ta yaya za ta..."

Bai ƙarasa ba. Ya tuna da kansa.

"Abin da Madu ya hana," ya ce.

"Shi za mu yi. A fito da ita, a miƙar da ita, a ɗaga wutsiya sama, a jijjiga. Ni zan riƙe kai, don in ta fusata cizo take yi, ba dafi amma haƙoran kamar ƙugiya. Sai dai ta fi ƙarfin mutum ɗaya. In na kama kai ba mai riƙe ƙasa, nannaɗe min hannu za ta yi."

Ta leƙa tsakar gida.

"Yaya!"

"Kada ma ki fara!" in ji Suwaibatu. "Ni da turmin nan sai Mahadi!"

"Bari in ruga kasuwa," in ji Alhaji da sauri. "Akwai masu dako, akwai masunta, su ba sa tsoro..."

"Kafin ka je ka dawo an yi la'asar. Kuma duk Nguru ta ji."

Ba ta roƙe shi ba. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta san mijinta, ta san abin da tsoron nan yake a wurinsa, ba za ta ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ta nufi duron ita kaɗai, tana naɗe hannun riga, tana karanta abin da ya zo bakinta.

Ta ɗaga dutsen da hannu biyu ta ajiye.

Sai ta ji wani abu ya faɗi a bayanta. Ta waiwaya.

Babbar rigar Alhaji ce a ƙasa, da hular a kanta. Yana tsaye daga shi sai 'yar ciki, gumi na zuba kamar an kwara masa buta. Amma ya tako. Ya sake takowa, har ya zo kafaɗa da kafaɗa da ita.

"Dauda!" Suwaibatu ta ƙwala kira. "Dauda, kai fa maraya ne! Fito!"

Bai ji ta ba.

"Ni na zuba," ya ce. "Nuna min ta ina ake riƙe Uwar Ɗaki."

Meram ta dube shi. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganinsa da kyau kamar yau ba.

"In na ce kama, ka kama bayan kumburin, da hannu biyu. Za ka ji sanyi. Kada ka saki ko me ta yi."

"Bismillah."

Ta ɗage murfin.

Uwar Ɗaki tana naɗe a ƙasan duron, sabuwar fatarta na sheƙi, ga kumburin ɓeran a tsakiyarta. Kullum in haske ya shiga, sai ta ɗago kai ta zaro harshe ta gaida Meram.

Meram ta ƙwanƙwasa gefen duron da yatsa, yadda Madu ke yi.

Ba ta ɗago ba.

Ta sake ƙwanƙwasawa.

Daga can bakin zaure sai ga ƙarar sanda a ƙasa, ƙwas, ƙwas, da muryar da Meram za ta gane ko a cikin kasuwar Gashuwa, cike da fara'a:

"Salamu alaikum, masu gida! Mai ɗori ya sallame ni! Meram, ina Uwar Ɗakina?"